Jami'ar da ta ɗauke ni ba ta cikin 200 na farko a duniya, in tafi ko in jira?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a wata jami'ar Jamus. Da Baba ya duba jerin QS, wato jerin matsayin jami'o'in duniya, bai gan ta cikin 200 na farko ba, sai ya ce in haƙura in nemi ta Ingila ko Amurka. Abin ya tsaya mini a rai. Ƙasar da duniya ke yabon injiniyoyinta, me ya hana jami'o'inta shiga goman farko? Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da sanin abin da ake aunawa. Jerin Shanghai, wani jerin irin na QS wanda aka soma a 2003, kashi 30 cikin 100 na makinsa daga kyautar Nobel ne da lambar Fields ta lissafi. QS kuwa ya fi jingina da ra'ayin malaman da aka tambaya, kuma mutum sunan da ya saba ji yake ambata. To Jamus babban kaso na bincikenta a cibiyoyin Max Planck da Fraunhofer da Helmholtz ake yin sa, su kuma ba jami'o'i ba ne, saboda haka makin aikinsu ba ya zuwa wa jami'a gaba ɗaya. Dubi Faransa: da ta haɗe makarantu da cibiyoyi ƙarƙashin jami'ar Paris-Saclay, sai ga ta ta 14 a jerin Shanghai na 2020. Ai ba koyarwar ce ta sauya dare ɗaya ba.

Wata 'yar uwa: Gaskiya ne Malam. Jami'ar Utrecht ta Holan ma a 2023 ƙin miƙa bayananta ta yi ga masu jerin Times Higher Education. Ƙanena, sashenka za ka bincika: wa zai duba aikinka, da waɗanne kamfanoni suke hulɗa, ina ɗalibansu suke samun aiki?

Wani ɗan uwa: Amma kada a raina damuwar Baba. A 2022 Birtaniya ta fito da bizar aiki ta waɗanda suka gama jami'o'in da a lokacin suke cikin 50 na farko a aƙalla jeri biyu daga cikin ukun nan, wato QS da Shanghai da Times Higher Education. In wannan hanyar kake hari, matsayin yana da tasiri.

Malamin: Haka ne. In kuwa injiniyancin ne a gabanka, ni dai na ce ka tafi. Buɗe jerin QS na fanni-fanni, ka zauna da Baba ka nuna masa inda sashen lantarkin yake, cikin ladabi.