Filastar Siminti a Kan Ginin Ƙasa: Magani Ce ko Ƙarin Ciwo?

Birkila, Ringim: Salamu alaikum. Kan tsohon soron nan da aka ce gindin bangonsa ya jiƙe, ya yi fari-fari kamar kanwa yana zuba, ni dai ina kan bakana: siminti ne maganinsa. A kankare, a kafa ƙusoshi, a ja raga, a yi filasta awo 1 na siminti, 6 na yashi. An huta da yaɓe duk shekara.

Tsohon magini, Dawakin Tofa: Wa alaikumus salam. Yaro, ka rufe ƙurji ne da mugunya a ciki. Ginin tubali yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani ta jikinsa. In ka sa masa siminti, danshin da ke hawowa daga ƙasa ya rasa mafita, sai ya ƙara hawa sama, ƙasar ciki ta ruɓe, gara ta samu gida. Je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango bayan damina 2 ko 3, za ka ji yana amo kamar ganga. Ranar da zai saki, ɓawo guda yake faɗowa da naman bangon a manne.

Birkila: Baba, Allah ya ja kwana, ai wannan aikin wanda bai sa raga ba ne.

Injiniya, Dutse: Malam, raga tana riƙe filasta, ba ta busar da bango, kuma ƙusar ma tsatsa take yi a cikin danshi. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, dole tsaga ta fito. Ruwan Agusta ya shiga ta tsagar, ya kasa fita. Farin nan kuwa gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko. Fentin mai ma haka yake toshe bango, gara farar ƙasa. Amma kafin komai a duba daga ina ruwan yake: indararo gajere da ke zuba a gindin bango, tsakar gida da ta fi daɓen ɗaki tudu, ko makwararar wanka a jikin katanga.

Tsohon magini: Madalla, Injiniya. Aikin kuma na hunturu ne. A ɓamɓare duk abin da ya ruɓe har a tarar da ƙasa mai tauri, a bar shi ya sha iska. A kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawar kwaɓi, a tattake, a bar ta ta kwana 3 zuwa 4 ana yayyafa ruwa. Yaɓe kaurin yatsa, ya bushe, a ƙara. In ka lafta shi lokaci ɗaya zai tsattsage. Daga ƙarshe a shafe da makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa.

Mai yaɓe, Auyo: Baba, gaskiya ne, amma ku kuna kan tudu. Mu nan fadama ce, in kogin Haɗeja ya cika ruwa kwanciya yake yi a gindin gini, makuba ba ta tare wannan. Laso kuma, wato simintin gargajiya da ake yi da katsi (lakar da ke kwanciya a ramin rini), gashin jima da dafara (wani tsiro mai yauƙi), ina marinar da za ta ba ka katsin yau? Nan dole a yi dakalin siminti a gindi, mai gangare waje.

Injiniya: Dakali na yarda, in bai wuce gwiwa ba, kuma a rufe bakinsa na sama da kyau kada ruwa ya bi ta baya.

Birkila: To kun dawo gun simintin ke nan. Wa zai biya kuɗin yaɓen baɗi?