Iska ta yaye rufin majami'armu: mu sake rufi ko mu koma ta gari?

Dattijo Mato:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda irin wannan ta taɓa samu. Majami'armu tana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila. Iskar farkon damina ta yaye rufin ɗungurungum, ta kakkarya katako, bangon gabas ma ya tsage. Gida tara muka rage, yawanci tsofaffi da mata, samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja, wasu ko lokacin shuka ba sa dawowa. Abin da ke asusu dubu 320 ne, godiyar kaka ta shekara biyu. Dattawa mun rabu. Wasu sun ce a rufa ko da rabi ne. Wasu sun ce a haƙura da ginin, mu riƙa bin sujada a majami'ar gari, kuɗin a sayi hatsi a raba wa gwauraye, a biya Malam, mai bishararmu, albashin wata huɗu da yake binmu. Sai dai akwai rafi tsakaninmu da gari, in ya kawo a watan Agusta ba mai tsallakawa. Malam ya karanta mana wasiƙar ikilisiyar Filadelfiya a Wahayin Yahaya sura 3, inda Ubangiji ya ce ya san ƙarfinsu kaɗan ne, amma sun riƙe maganarsa, ba su yi musun sunansa ba. Kowane ɓangare ya ce ayar tasa ce. Ku da kuka ga irin wannan, me kuka yi?

Habila daga Sabon Gari:
Sannu Baba. Ku sa dogon kwano na alminiyam kawai, ba ya tsatsa, shekara talatin ba ku sake taɓa shi ba. Shi muka sa a tamu.

Ladi Tanko:
Habila ka karanta kuwa? Dubu 320 Baba ya ce. Ko kuɗin dakon wannan kwanon naka ba zai biya ba.

Iliya Kafinta:
Baba, nawa ne tsawo da faɗin ginin? In ƙarami ne bandir huɗu zai rufe. Na sayi bandir dubu 42 a Wudil kwanan baya. Katako ne zai ci ku, ba kwano ba.

Bitrus B.:
Dubu 42 a wace shekarar? Ni da ƙafata na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano makon jiya, dubu 68 aka ce mini, da ƙyar aka rage dubu biyu.

Iliya Kafinta:
Ai kwano iri-iri ne ɗan'uwa. Na faɗi wanda talaka ke saya.

Bitrus B.:
Wanda talaka ke saya shi iska ke ɗauka. Ka sa musu shi, baɗi Baba ya dawo nan da wannan tambayar.

Maman Rifkatu:
Baba Dattijo, ku yi haƙuri zan yi tsawo. Duk abin da za ku yi, ku yi da abin da ke hannunku, kada ku saurari mai cewa an nuna masa wahayi a kanku. Mu a Jigawa muke, gefen kogin Haɗeja. Ambaliyar 2022 ta cinye mana gero da shinkafa, ta kwantar da majami'armu ta ƙasa, ko benci ba mu fitar ba. Muna sujada a gindin darbejiya sai ga wani baƙo da mota da lasifika, ya ce shi annabi ne. Ya yi kwana uku yana wa'azi, muna kuka, don mun ɗauka Allah ya tuna da mu. Ya ce kafin kwana arba'in wani zai zo daga ƙasar waje ya gina mana ta siminti, amma sai kowane gida ya shuka iri na bangaskiya. Maigidana shi ne ma'aji. Ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarmu, ya haɗa da ɗan abin da ke asusu, ya damƙa wa mutumin a gaban kowa. Arba'in ta cika, tamanin ta cika, lambarsa ba ta shiga. Daga nan jama'a suka juya kan maigidana, waɗanda suka tafa hannu ranar su ne suka ce da shi aka haɗa baki. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana buɗe majami'a da asuba ya daina fita ko ƙofar gida ranar Lahadi. Bai yi shekara biyu ba ya rasu, kuma har ya rasu ba wanda ya zo ya ce masa yi haƙuri. Ambaliya ba ta raba mu ba, tare muka kwana a kan tudu. Wannan mutumin ne ya raba mu. Yanzu gida uku suna bin wata ɗarika, biyu sun daina zuwa ko'ina.

Ladi Tanko:
Wayyo Mama. Allah ya ta'azantar da ke. Wallahi na kasa gama karantawa sai da na ajiye wayar.

Nomau:
Irinsu sun zo mana wajen Rogo, mai da ruwa suke sayarwa a kwalba. Mama, ba ku kai ƙara ba?

Maman Rifkatu:
Ƙarar wa? Sunan da ya ba mu ma ba nasa ba ne.

Fasto Ishaku:
Mama, Ubangiji ya ga hawayenki, ya kuma san amincin maigidanki. Abin da ya same ku yana nan a Irmiya 28. Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, a dawo da kayan Haikali, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya. Jama'a sun so jin haka. Irmiya kuwa ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila wasiƙa, sura 29, ya ce shekara 70 ne, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke, ku yi masa addu'a. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Annabcin gaskiya sau da yawa ba ya rage wa mutum kwanakin wahala, yana gaya masa yadda zai zauna a cikinta ne. Baba Mato, game da Filadelfiya: garin mai girgizar ƙasa ne, ta shekara ta 17 bayan haihuwar Almasihu ta rushe shi, mutane da yawa suka koma zama a bayan gari don tsoron bango. Su aka yi wa alkawarin zama ginshiƙi a Haikalin Allah, ba sauran fita. Lawudikiya kuwa da girgizar ƙasa ta rushe ta wajen shekara ta 60, da kuɗinta ta sake gina kanta, ba ta nemi taimakon Roma ba, ita ce kuma ta sha tsawatawa mafi zafi. Cikin ikilisiyoyi bakwai ɗin da aka rubuta wa wasiƙa a Wahayin Yahaya, Simirna matalauciya da Filadelfiya marar ƙarfi ne kaɗai ba a tsawata wa ba. Ni dai a ganina kada fitilar, wato ikilisiyar, ta bar ƙauyen, ko da rufi ko babu.

Yohanna Abuja:
Da girmamawa Baba Fasto, amma a duba zahiri. Gida tara ba za su iya riƙe mai bishara ba, ga shi har ana bin su wata huɗu. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, wannan ma Nassi ne. Ku haɗe da ta gari, ƙarfi ya zama ɗaya. Allah ba ya zama a gini.

Kaka Talatu (jikata ke rubuta mini):
Yohanna, ɗan wa kake? Kana Abuja kana aika tsofaffi su tsallaka rafi. Ka taɓa goya jika ka shiga ruwa har ƙugu? Mu aka haɗe mu da ta gari, shekarar farko muna zuwa, ta biyu sai maza masu keke, ta uku yara ba su san waƙa ko ɗaya ba. Mai shawara ya zama wanda zai taka hanyar.

Yohanna Abuja:
Kaka, a ƙauye aka yanke mini cibiya, kuma duk wata ina aikawa gida. Zama a birni bai hana ni magana ba.

Bitrus B.:
Magana kam kowa na da ita, amma a bar wa waɗanda suka yi makarantar Littafi su fassara annabci. Kowa ya ɗauko aya ya ja ta inda yake so.

Ladi Tanko:
To mai motar da ya cuci su Mama ba da Littafi ya zo a hannu ba? Kaka ba ta yi makaranta ba amma ita ta ga abin da idonta.

Dogo Mai Ganga:
Ni dai na ga amfani ɗaya. Tunda rufin ya tafi, masu gyangyaɗi lokacin wa'azi sun shiga uku, rana ba za ta bar su ba. Baba a bar shi haka zuwa Kirsimeti, a ga ko za a samu tuba.

Nomau:
Dogo kai ne shugabansu ai, gangar ce kawai ke tashe ka.

Saratu M.:
Namu ya faru a Tudun Wada. Ba mu rufa duka ba. Zumuntar mata muka yi gayya, maza suka sari azara, aka yi rumfar kara a jikin bangon da ya tsaya, muka yi damina biyu a ciki. Mai unguwarmu, Musulmi ne, shi ya ara mana tamfol ɗin da yake shanya shinkafa, ya ce ɗakin ibada bai kamata ya kwana a buɗe ba. Malam kuma muka noma masa gona maimakon albashi, da yardarsa. Ranar da ruwa ya yi mana dūka a rumfar, wata tsohuwa ta tashi ta karanta ƙarshen Habakuk, ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Ba wanda ya tafi gida. Amma fa Baba, bangon da ya tsage ku fara dubawa, kada ku ɗora kwano a kan abin da zai faɗo wa yara.

Iliya Kafinta:
Wannan gaskiya ne. In tsagar ta kai tushe sai an sauke bangon. Buhun siminti dubu tara da ɗari biyar.

Bitrus B.:
Sha ɗaya.

Dattijo Mato:
Na gode ƙwarai. Mama, mun yi miki addu'a a gida daren jiya. Iliya, ginin ƙafa 40 ne da 20, na ƙasa ne, tsagar ba ta kai ƙasa ba. Maganar noma wa Malam gona zan kai wa dattawa, sai dai masu ƙarfin noman ne babu. Har yanzu ban ji wanda ya ce ga abin da za a yi da gwauraye ba, su huɗu ne, rumbunansu sun kusa ƙarewa.

Kaka Talatu:
Masu ƙarfin suna nan, suna birni. Bari tsoho ya mutu ka gani. Motoci har bakin rafi, a yanka sa, a kafa rumfuna, a ɗinka anko, a buga hotonsa a riga. Yana da rai yana sujada ruwa na zuba masa a ka, ba wanda ya aiko da kwano ɗaya.

Ladi Tanko:
Kaka kin taɓo inda ke mini ciwo. Jana'izar kawuna abin da aka kashe a abinci kaɗai ya isa ya rufe majami'ar su Baba. Da na yi magana aka ce ina so a kunyata gida.

Yohanna Abuja:
To ai ku ne in ba a yi ba za ku ce 'ya'yansa sun yar da shi. Mu ma bashi muke ci mu yi. Ku dattawa ku kafa doka a rage, mu za mu fi kowa murna.

Nomau:
An kafa a wajenmu, ba a yi wata uku ba dattijon da ya kawo dokar ya rasa yayansa, shanu biyu aka yanka.

Habila daga Sabon Gari:
Wai nawa ake ba da hayar rumfa da kujeru ɗari yanzu a wajenku? Muna da ta surukata ƙarshen wata, wanda na tambaya ya ce dubu 60 ban da mota.