Convergence da Hausa: ni dai na tsaya a kan "dosar maƙura"

1/ 'Yan uwa masu karatun lissafi da injiniya, ku matso. Duk wanda ya zauna ajin dabarun lissafin kwamfuta ya sha jin kalmar convergence, ko a Zariya yake ko a Yamai, don Faransanci ma haka yake rubuta ta. In ana bitar dare, bayani kaf da Hausa ake yi, amma da an iso kanta sai harshe ya sauya. Muna da abin da zai riƙe wurin.

2/ Ga abin da ake nufi. Kana neman lambar da in ka yi ta sau kanta za ta ba ka 2. Fara da 1. Raba 2 da ita, haɗa abin da ya fito da ita, ɗauki rabi: 1.5. Sake yi: 1.41667. Sake: 1.4142157. Zagaye na huɗu: 1.41421356237. Alƙaluman da suka faɗa daidai ninkuwa suke yi, 3 su koma 6, 6 su koma 12. Misali ke nan na dabarar Newton ta neman amsa zagaye bayan zagaye, wadda Joseph Raphson ya fitar da ita cikin sauƙaƙan tsari a 1690. Halin wannan jerin lambobi muke nema wa suna.

3/ Wasu sun ce "haɗuwa". Ba ta shiga ba. Kowane mataki a sama ɓangare ne na lamba bisa lamba, 3/2, 17/12, 577/408, ita kuwa amsar ba ta rubutuwa haka. Ko shekara dubu za ka yi kana juyawa, ba za su haɗu ba.

4/ Wani malami ya kawo "tsayawa", wai ai da lambobi sun daina motsi an gama. Allah ya ƙara wa malam lafiya, amma wannan ce ta fi ba ni tsoro, don ita ce ainihin kuskuren da ke kayar da ɗalibai. Ka sa kwamfuta ta tara 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4, haka har gaba, a ma'ajiyar bit 32, wato ɗan ƙayyadadden gurbin da take ajiye lamba. Bayan an wuce lambobi miliyan 2 kaɗan, jimla za ta ƙame a wajen 15.4, ko gezau. Ɗalibi ya ga haka ya rubuta 15.4 a matsayin amsa. Alhali tun ƙarni na 14 Nicole Oresme ya nuna jimlar nan hauhawa take yi ba iyaka. Abin da ya faru, ɗan abin da ake ƙarawa ya yi ƙanƙantar da ma'ajiyar ba ta iya jin sa, sai ta zubar. Injin ne ya gaji. In muka sa wa abin suna tsayawa, mun koya wa yara kuskuren tun daga sunan.

5/ "Kusantowa" ta fi su, amma da saura. Dubi 2.1, 2.01, 2.001. Kowane mataki yana ƙara kusantar 1, ko ba haka ba? To amma ba 1 za shi ba.

6/ Shi ya sa na koma ga maƙura. Bahaushe ya san ta: abu ya kai maƙura, ba gaba. Maƙurar jerin 2.1, 2.01, 2.001 ɗin nan 2 ce. Sharaɗinta kuwa, duk ƙanƙantar tazarar da ka yanka, akwai zagayen da daga shi jerin zai shiga cikinta, kuma ba zai sake fita ba. Sai mu ce jeri ya doshi maƙura, sunan abin kuma dosar maƙura. Na bar "iyaka" da gangan, za mu buƙace ta wajen shingen da lamba ba ta tsallakewa, wanda wani abu ne daban. "Ƙurewa" ita kaɗai ta fi gajarta, sai dai in ka ce lissafi ya ƙure, mai ji zai ɗauka ya cije ne.

7/ Kishiyarta ba wahala: jeri ya fanɗare. Akwai kuma na uku da ake yawan cusawa cikin wannan. Gwada dabarar Newton a kan x³ − 2x + 2 = 0, ka fara da 0. Za ta ba ka 1, daga 1 ta mayar da kai 0, haka har wuta ta ɗauke. Bai tsere ba, bai kuma doshi komai ba. Wannan kai-komo ne, a kira shi da sunansa.

8/ An ce ta yi tsawo. Kalma biyu ce, kuma tana zama a jimla ba tare da an matsa mata ba: "Dabarar raba tazara gida biyu tana dosar maƙura tabbas, amma a hankali, sai ta yi zagaye uku zuwa huɗu kafin ta ƙara maka alƙalami ɗaya. Ta Newton ta fi saurin dosa, in ka fara kusa da amsa." Ku gwada ta a bitar yau da dare, ku kawo mana jimlar da ta ƙi karɓar ta.