Saminar ɗina kan ƙaramar ƙwaƙwalwa ya cije, a taimaka min

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaina ya ɗaure wallahi. Ina aji huɗu a fisiyoloji, ranar Alhamis zan gabatar da saminar kan aikin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya, wato sarabelum, wajen koyon motsi da sabo irin na Pavlov, masanin Rashan nan da ya sabar wa karnuka zubar da yawu da sun ji ƙarar da ke zuwa kafin abinci. Ni na hawan jini na so, wata ta riga ni ɗauka. Ga yarinya tana haƙori ba ta barci, ga surukata ta zo ganin likita tana wajenmu, laftof ɗin ma ta ƙanin maigidan ce, sai dare yake ba ni. A haka na haɗa bayanin karnukan Pavlov da yawunsu tiryan-tiryan. Malam ya duba ya ce, "Ina sarabelum ɗin a nan?" Ya tashi ya tafi mitin. Ya zan yi?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiyar malaminki ce. Ba a jikin kare aka kama sarabelum ba, a jikin zomo ne. A shekarun 1980 Richard Thompson da ɗalibansa a Amurka sukan kunna wa zomo ƙara, sai su hura masa iska a ido. Da aka yi ta maimaitawa, yana jin ƙarar sai ya rufe ido, daidai gab da isowar iskar. Da suka lalata wani ɗan curin ƙwayoyi a cikin sarabelum mai suna intafositus, ƙiftawar da ya koya ta ɓace, amma in an hura iskar yana ƙiftawa kamar da. Kin ga ido bai shanye ba, karatun ne ya goge. Ki zubar da karnukan nan.

Maman Afnan: Malam, taken da kansa ya ce sabo irin na Pavlov. Ta ina zan fara in ba da shi ba? Mutumin da ya ci Nobel a 1904?

Abu Sumayya: Kan narkewar abinci aka ba shi, ba kan wannan ba. Silaid ɗaya ya ishe shi. Abin da za a tambaye ki shi ne hanyoyi biyun da ke haɗuwa a ƙwayoyin Purkinje, wato manyan ƙwayoyin jijiya na ɓawon sarabelum. Saƙon ƙara yana shigowa ta fons, wani sashe na kututturen ƙwaƙwalwa. Saƙon iskar yana tasowa daga olif na ƙasa, wani curin ƙwayoyi a ƙasan fons, ta jijiya mai hawa, kuma kowace Purkinje guda ɗaya tak take samu. Jijiya mai hawan ce kamar malamin allo, sai an yi kuskure take magana. David Marr ya kawo ra'ayin cewa a nan koyon yake faruwa a 1969, Albus ya gyara a 1971, Masao Ito na Japan ya nuna a 1982 cewa in saƙonnin biyu suka zo tare mahaɗar da hanyar farko ke shiga Purkinje ta cikinta tana yin rauni na tsawon lokaci.

Ummi Fisiyo: Yaya, za ka rikita ta da sunaye. Masu zama a saminar marar lafiya suke son ji. 'Yar'uwa, ki kawo gwajin tabarau mai karkatar da gani. Lafiyayye in ya sa ya yi jifa, farko zai kauce, a hankali hannunsa ya gyara. In ya cire sai ya kauce ta ɗaya gefen. Mai ciwon sarabelum ba ya gyarawa. Wannan shi ne koyon motsi, kowa zai gane.

Ɗan Malumfashi: Ke dai kin yi sa'a naki ya buɗe ma. Nawa tun kafin azumi furojet ɗina ke kan teburinsa, kullum "ka dawo gobe". Ki je ki roƙe shi a canza miki take kawai.

Abu Sumayya: Ummi, rabin taken kika amsa. In an tambaye ta sabon Pavlov tabarau za ta nuna? Kuma Hajiya kar ki ce duk wani sabo na sarabelum ne. Na tsoro wani sashen ƙwaƙwalwa daban mai suna amigdala ne ke riƙe da shi.

Maman Afnan: Na gode, Allah ya saka. Amma gaskiya ba zan iya rushe komai yanzu ba, kuma hotunan karnukan sun yi kyau. In na ƙara zomon a ƙarshe fa, a silaid biyu?

Abu Sumayya: Zai sake yi miki tambayar nan a gaban mutane.

Ummi Fisiyo: Minti nawa ma aka ba ki? Ba ki faɗa ba.

Maman Afnan: Zan tambayi kilas ref ɗinmu. Ƙanin maigidan ya zo karɓar laftof ɗinsa.