Neman kalma: gwajin aidin a damun hatsi, gobe za mu ɗauki shiri

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki shirin kimiyya na rediyo, kuma na maƙale a sakin layi ɗaya. Rahoton a kan Jamusawa ne masu haɗa giya a gida. Suna zuba ɓarzajjen tsiron sha'ir a ruwan zafi, tsakanin digiri 62 da 72, ya yi kamar awa ɗaya. Wannan matakin shi ne "mash". Daga nan sai su ɗebi ɗan ruwan a farin faranti su ɗiga aidin. In ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, da sauran sitaci. In aidin ɗin ya tsaya a launinsa na ruwan zuma, sitaci ya gama komawa sukari. Kalma biyu nake nema: sunan matakin, da sunan komawar.

Ɗan Zazzau: Jiƙo.

Malamar Kimiyya: Jiƙo ba zai yi ba, Malam. An riga an jiƙa hatsin tun farko kafin ya tsira, to in ka sake cewa jiƙo, mai sauraro zai ɗauka mataki ɗaya ne. Ni "damun tsiro" nake gani. Da ruwan zafi ake yi, ana motsawa, kuma yana farawa da kauri ya ƙare da tsinkewa.

Abu Sumayya: Ni tambayata daban ce. Me ya kai gidan rediyon Hausa koyar da haɗa giya?

Mai Fassara: Ba koyarwa ba ce, Malam, darasin sinadarai ne. A wannan matakin ma babu barasa ko ɗigo, sai an sa yis daga baya. Lemon malt da muke ba yara ta nan yake bi.

Inna Mai Kunu: Ɗana, abin nan da kake ta kwatance ai kunun zaƙi ne. Ka dama gasararka da tafasasshen ruwa ta yi kauri, ka bar ta ta ɗan huce, sannan ka zuba niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankali. Kana tsaye za ka ga ludayi ya daina tsayawa a ciki. Mu cewa muke ya tsinke. In ka yi gaggawa ka zuba da zafinsa, ka kashe tsiron, haka zai kwana da kaurinsa ba zaƙi.

Malamar Kimiyya: Inna ta gama darasin. Zafin da ya wuce kima yana lalata amiles, sinadarin da ke cikin tsiro mai daddatsa sitaci. Irinsa ne a yawun bakinmu, shi ya sa burodi ke yin zaƙi in ka daɗe kana tauna.

Dattijon Harshe: Tun ɗazu nake karanta sitaci, sitaci, kamar Hausa ba ta da baki. Ga gasara Inna ta ba ku a hannu kun tsallake. Sitaci na mai wanki da guga ne. Ita kuma komawar, na daɗe da ƙirƙiro mata kalma: sukarcewa. Makaho ya makance, gurgu ya gurgunce, gasara ta sukarce. A rubuta: "Ana gwadawa a ga ko gasara ta sukarce."

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe, sukarin da ka gina kalmar a kansa ai daga Larabci muka aro shi.

Dattijon Harshe: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Na jiya baƙo ne. Ku yaran yanzu kunyar harshenku kuke ji, ku ga kalmar Bature ku rungume don a ce kun yi boko.

Baƙo daga Maraɗi: Mu a makaranta "amidon" aka koya mana, sitaci a bakin 'yan Najeriya na fara ji. Gasara kuwa kowa ya san ta har Damagaram. In shirin yana tsallaka iyaka, a tuna da mu.

Malamar Kimiyya: Baba, ba kunya ba ce. Gasara abu ce da aka jiƙa, aka niƙa, aka tace. Sitaci kuwa yana cikin ƙwayar hatsi tun tana zangarniya, yana cikin rogo da doya. Ina ɗiga aidin a yankakken dankalin Turawa a gaban ɗalibai, wurin ya yi baƙi nan take. In na ce musu akwai gasara a ciki, na koya musu kuskure. Gasara cike take da sitaci, amma ba ita ce shi ba.

Dattijon Harshe: To a faɗaɗa ma'anarta. Haka harsuna ke girma. Larabawa "nasha" suke cewa.

Abu Sumayya: Sukarcewa a kunnena kamar wanda ciwon sukari ya kama.

Dattijon Harshe: Kunne sabo yake yi.

Mai Fassara: Dare ya yi, ga abin da na rubuta: "Bayan awa ɗaya da dama tsiron, sai a ɗebi ruwan zalla, ban da dusa, a bar shi ya huce a farin faranti, a ɗiga aidin. In ya yi baƙi, da sauran sitaci, wato sinadarin da ke sa gasara kauri. In bai sauya ba, sitacin ya juye sukari." Baba, na sa gasara a bayani, amma sukarcewa ba zan iya kai ta iska ba tare da edita ya gani ba.

Malamar Kimiyya: Ƙara cewa a zubar da abin da aka gwada, kada a mayar cikin tukunya, aidin ɗin ba na sha ba ne. Kuma ka kyauta da ka ce ban da dusa, don ɓarɓashin hatsi kan ba da baƙi ko da ruwan ya gama.

Dattijon Harshe: Damun tsiro na yarda da shi. Sauran ban yarda ba. Ka dai nuna wa editan sukarcewa, ka gaya mini abin da ya ce.