Wa ke tuna asambulin safe na firamare?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan'uwa. Don Allah kowa ya ɗan ba mu labarin asambulin makarantarsu. Ni ɗan UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, cikin waɗanda aka kwasa aka zuba a aji ɗaya a 1976, mun yi yawa har wasu ajin a gindin bishiya suke. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne an rataye a jikin darbejiya, in monita ya buga ta har bayan kasuwa ana ji, sai ka ga yara na fitowa daga lunguna a guje wasu da ƙosai a baki. Muna aji uku aka canja taken ƙasa a 1978, malamai ma da takarda a hannu suke koya mana. Da aka dawo da tsohon a 2024 wallahi ina jin sa a rediyo sai da idona ya kawo ruwa, ashe yana nan a kaina ban manta ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumussalam Yaya, ka tuno min da nisa. Mu ranar Litinin ce ranar duba tsafta, kowa ya miƙo hannu a duba farce, a buɗe baki a ga haƙori, mu mata a ɗaga ɗankwali a ga kitso. Shi ya sa duk yammacin Lahadi gidanmu kitso ake da wankin yunifom, Inna ta sa garwashi a dutsen guga ta goge mana tas. Amma abin da ba na mantawa wata malamarmu ce, lokacin hunturu da kwalbar basilin take zuwa a jaka, duk yaron da ta ga ƙafarsa ta yi faso ko leɓe ya tsage sai ta ja shi bayan layi ta shafa masa da hannunta, ba faɗa ba gori. Ta san wanda bai karya ba tun daga yadda yake tsayuwa, in an tashi tara sai ka ga ta aike shi wajen mai ƙosai ta ce ya ci canjin. Allah ya jiƙanta da rahama.

Bazazzagi:
Amin Anti. Ni kam gaskiya ba duka ne daɗi ba. Zamanin WAI na yi, wato shirin gwamnati na yaƙi da rashin ɗa'a, wajen 1984, makara a lokacin babban laifi ne. Gidanmu da nisa kuma sai na kai wa mahaifiyata niƙa kafin in taho, kullum ina cikin 'yan latti, a tsare mu a bakin get a sa mu tsallen kwaɗo ko tsintar bola, wani lokaci bulala a gaban kowa. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa nake makara. Har yau abin yana min ciwo, akwai abokina da dukan nan ne ya sa ya bar boko gaba ɗaya ya koma gareji.

Malam Mai Ritaya:
Bazazzagi ɗana, ka faɗi gaskiya, an yi wa yara irinku rashin adalci kuma ba zan kare shi ba. Na yi hedimasta a ƙauye, kuma abin da na gane shi ne asambuli nan ne kaɗai kake ganin yaranka duka a tsaye ido da ido. A nan za ka gane mai ƙaiƙayi, mai ciwon ido, da yarinyar da kwana biyu ba ta a layi sai ka bi sawu ka ji ko talla aka ɗora mata ko aure ake shiri. Malamin da ya tsaya da dorina kawai bai ga komai ba.

Bazazzagi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Ɗan Maraɗi:
Mu a nan Nijar makaranta lakwal muke ce mata, malami kuma mushe. Da safe a jeru aji aji a ɗaga tuta ana rera take da Faransanci, mu dai muna bi ne ba mu san me muke faɗa ba sai da muka girma, shi ma an sauya shi a 2023. Wanda aka zaɓa ya ja igiyar tuta ranar nan ba mai taɓa shi, kuma a hankali ake ja don ta kai sama daidai da ƙarshen waƙa, in ka yi sauri mushe ya harare ka. Na taɓa samu sau ɗaya, hannuna har rawa yake.

Maman Ilham:
Kai ɗan'uwa mu ma haka! Sai dai mu maza kawai ake ba tuta, mu mata sai jan waƙar maci in za a shiga aji. Baba Malam a makarantarku ana ba mata kuwa?

Malam Mai Ritaya:
Ana ba su 'yata. Duk wanda ya zo na ɗaya a ajinsa shi ke ja, mace ko namiji, kuma 'yan matan sun sha karɓewa.