Muhawara: Ɗaki Nawa Ake Kama wa Mutum 13 a Wurin Wasan Yara?

Alhaji mai yadi, Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, kuma duk wanda ya ga na yi kuskure ya fito ya faɗa. Tun bara na yi wa yara alkawarin cewa a hutun Disamba zan kai su wuraren wasan da ke tsibirin Yas a Abu Dabi, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai na sa wani ejan ya nemo mana masauki a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ke jikin wurin. Mu 13 ne: ni, da matana 2, da 'ya'ya 8, da Inna, da ɗiyar ƙanena marigayi wadda take hannuna. Ejan ya dawo da cewa abin da otal ɗin yake kira ɗakin iyali mutum 4 yake ɗauka, don haka sai na kama ɗaki 4, kuma ko ɗakunan da ke da ƙofa a tsakaninsu ba za a yi mini alkawarinsu ba, sai dai a rubuta cewa na roƙa, in mun isa a ga abin da hali ya yi. Ke nan ana iya ajiye Inna a hawa na 2 ni kuma ina hawa na 6. Da ya karanto kuɗin kwana 5, sai da na cire hula na ajiye a kan kantar shago. Maganata ita ce, ba don irin iyalinmu aka gina waɗannan otal-otal ba, kuma duk mai gida babba da ya sauka a cikinsu ya bar gidan haya mai falo da kicin a cikin gari, to ya zubar da kuɗinsa. Abin haushin ma, da babu 'yan rakiya a tafiyar, ɗaki 3 ya ishe mu.

Injiniya, Arkilla: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na kai nawa iyalin can, mu 7, kuma ina ganin kuɗin ɗaki kawai ka duba ka bar sauran lissafin. Otal-otal da yawa na tsibirin suna haɗa wa baƙonsu tikitin shiga wuraren wasan a cikin kuɗin kwana, sannan akwai bas ta kyauta, Yas Express, da ke zagayawa tsakanin otal-otal ɗin da wuraren wasan, irin su Ferrari World da Warner Bros. World da sauransu. Idan ka sauka a cikin gari, tasi ta yau da kullum fasinja 4 take ɗauka, ka ga mota 4 ke nan da safe, 4 da dare, har kwana 5. In kuwa a Dubai ka kama gidan, tafiyar kusan awa guda ce kowane zuwa. Ƙari a kan haka, yaro ɗan shekara 4 ba ya kai La'asar a wurin wasa ba tare da ya fara rigima ba, kuma wanda ɗakinsa yake kusa ne kaɗai zai iya mayar da shi ya yi barci a dawo da yamma.

Malama, Runjin Sambo: Kafin a shiga lissafin tasi, Alhaji, ina neman ƙarin haske. Ka ce ku 13 ne, ka ce in babu 'yan rakiya ɗaki 3 ya isa, wato mutum 11 ko 12. Na bi jerin da ka kawo tun daga farko har ƙarshe, ban ga waɗanda suka rage ba sai mahaifiyarka da marainiyar da ke hannunka. Shin su ne 'yan rakiyar? Idan uwar da ta haife ka ta zama 'yar rakiya saboda kuɗin ɗaki ɗaya, ai ba otal ɗin ne bai san iyali ba.

Maƙwabcin Alhaji a kasuwa: Haba Malama, wannan fassarar ta yi nauyi. Shekara 20 rumfata tana jikin tasa, kuma ban taɓa ganin ranar da ya rufe shago bai biya ta wajen Inna ba. A Hausa ɗan rakiya ba zagi ba ne, wanda ba don shi aka shirya tafiya ba ne kawai. Tunda don yara aka shirya wannan, duk wani babba a cikinta ɗan rakiya ne, har shi Alhajin.

Wata uwa, Gawon Nama: To in haka ne, mutum 2 ɗin da lissafinsa ya fitar matansa ne. Su za su yi wa yara 9 wanka, su nemo takalmin da ya ɓata a ƙarƙashin gado, su bi layin lilo da goyo a baya, amma idan aka zo rabon ɗaki sai a kira su 'yan rakiya. Ni wannan ta fi mini ciwo a kan ta Malama.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku: Allah ya huci zuciyarku, iyayenmu mata. Ni abin da na gani shi ne ɗaki 3 ɗin nan da ake ta jayayya a kai tun asali ba zai yiwu ba, ko da wa aka cire. Kowace mace tana da haƙƙin makwancinta daban, ba a haɗa kishiyoyi ɗaki ɗaya sai da yardarsu, ɗaki 2 sun tafi ke nan. Hadisi ya umarta a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10, saboda haka samari ɗakinsu daban, 'yan mata nasu daban. Ko da an haɗa Inna da 'yan matan, an riga an kai 4, in kuwa ta nemi nata sai a ce 5. Otal kawuna yake ƙirgawa saboda tsarinsa na kariya daga gobara da yawan gadajensa, mu kuma muharrami da haƙƙi muke ƙirgawa, shi ya sa lissafin biyu ba ya haɗuwa. Sannan ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, don haka tafiya da su duka ba wajibi ba ce.

Wata uwa, Gawon Nama: Allah ya gafarta Malam, ba na ja da hadisi. Amma a ce an yi ƙuri'a, ɗaya ta tafi Abu Dabi da 'ya'yan ɗayar, ita kuma tana Mabera tana kallon hotuna a waya, gidan nan ba zai zauna lafiya ba har Sallah babba. Ka ga an sake samo mana 'yar rakiya ta wata hanyar.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku: Ban ce a bar kowa ba, Hajiya, hukunci na faɗa. Kalmar nan kuma ba daga bakina ta fito ba.

Ɗalibi a Faransa, ɗan Minanata: Iyayena, ku ba ni dama in ce wani abu a kan ainihin iƙirarin Baba Alhaji, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Disneyland na Faris, wanda aka buɗe a 1992, yana da masauki mai suna Davy Crockett Ranch, ƙananan gidaje ne masu kicin a cikin daji, kowanne yana ɗaukar mutum 6, sai dai dole mutum ya zo da motarsa domin babu bas da ke kai baƙi wurin wasan. A Amurka, otal ɗin Art of Animation na Disney da ke Orlando yana da ciki da falo na iyali mai banɗaki 2, shi ma mutum 6 ne. Otal ɗin wurin wasan Legoland na Dubai, wanda aka buɗe a 2022, ɗakunansa na yau da kullum suna da lungun yara mai gado hawa biyu, suna ɗaukar mutum 5. Wato a wajensu gidan da ya kai 6 ya riga ya zama babban iyali. Ko Baba ya kama gida 2 a Faris, mutum 12 ne za su kwanta, ɗan rakiya ɗaya ya kwana a mota.

Maƙwabcin Alhaji a kasuwa: Kai yaro, da babanka ake wasa? Wa ya ce maka Faris za a je? Ka fara gaya mana yadda ake samo wa mutum 13 bizar Turai daga Sakkwato tukuna. Ta Daular Larabawan ma sai a watan Yulin 2024 aka sake buɗe wa 'yan Najeriya.

Ɗalibi a Faransa, ɗan Minanata: A gafarce ni, Baba, misali kawai na kawo.

Alhaji mai yadi, Mabera: Na fita sallar Azahar na dawo na tarar an raba mini gida. Wallahi ba Inna nake nufi ba, ba marainiya ba, ba kuma matana ba. Manyan samarina 2 nake nufi, mai shekara 21 da mai 19, waɗanda sun wuce hawa lilo, uwayensu ne suka matsa sai an je da su. Su otal ke ƙirgawa a matsayin manya, kuɗinsu cikakke, karin kumallonsu cikakke.

Malama, Runjin Sambo: Alhaji, sai da ka ga zaure ya ɗauki zafi sannan samari suka fito. Me ya hana ka faɗi haka tun farko, alhali ka tsaya ka ware Inna da marainiya a ƙarshen jeri, bayan kowa?

Injiniya, Arkilla: Ko an karɓi bayaninsa, kalmar ba ta zauna a kan samarin ba. Ferrari World, wanda aka buɗe a 2010, babban abin da ake zuwa dominsa shi ne Formula Rossa, wani jirgin lilo mai gudun kilomita 240 a awa, kuma ana auna tsawon mutum a bakin layi kafin a bar shi ya hau. Na ga ɗana ɗan shekara 6 ya tsaya a jikin ma'aunin yana ɗaga dunduniya, ma'aikacin ya yi murmushi ya girgiza kai, muka koma gefe yana kuka. A wannan wurin samarin nan su ne masu tafiya, ƙananan ne 'yan kallo. In don ƙanana ne zalla, Legoland aka yi wa 'yan shekara 2 zuwa 12, can kuwa Dubai ne, otal ɗin ma daban.

Wata uwa, Gawon Nama: Ni dai gidan haya mai kicin ɗin nan da ake ta yabo shi nake so a duba da kyau. Duk inda aka ce akwai kicin, an san wanda zai shige shi. Za a ɗaure garin tuwo da kuka da daddawa a cikin akwati tun daga Sakkwato, a sauka Abu Dabi a ɗora tukunya, maza su fita da yara, mata su tsaya wanke-wanke. A otal kuwa ko ba komai mace za ta zauna a kawo mata shayi sau ɗaya a shekara.

Maƙwabcin Alhaji a kasuwa: Inna fa? Tsohuwar da ba ta karya kumallo sai da kunun gero mai tsamiya, ita za a tura layin burodi da madara mai sanyi? Kicin ɗin domin ita ne.

Malama, Runjin Sambo: Ikon Allah. Ɗazu 'yar rakiya ce, yanzu kuma ta zama dalilin kama gida.

Shugaban zaure, Tudun Wada: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda da Alhaji cewa otal na cikin wurin wasa bai dace da gidan Bahaushe ba, kuma gidan haya mai ɗakuna da falo ya fi rufin asiri, kamar yadda ni ma nake yi duk lokacin da na fita da iyalina. Malam ya tabbatar da haka ta fuskar addini, ɗanmu na Faransa ya tabbatar ta fuskar ƙasashen waje. Batun tasi da Injiniya ya kawo ƙarami ne, ana iya ɗaukar hayar bas guda. Maganar 'yan rakiya kuwa rashin fahimta ce daga ɓangaren mata, kuma Alhaji ya wanke kansa.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku: Ranka ya daɗe, ban fifita gidan haya ba. Yawan ɗakuna na lissafa, kuma gidan hayar ma sai ya kasance mai ɗaki 4 ko 5.

Malama, Runjin Sambo: Shugaba, na ƙirga waɗanda suka goyi bayan gidan haya, Alhaji ne da maƙwabcinsa, sai kai na uku da ka shigo yanzu. A ina aka samo mafi yawa?

Alhaji mai yadi, Mabera: Ku dakata. Uwargida ta karanta wa Inna duk abin da aka rubuta a nan. Inna ta ce ita da ma gwiwarta ba ta yawon lilo, a haɗa mata kuɗin tikitinta da na ɗakin ta ƙara a na Umra. Mun koma 12 ke nan, kuma ejan yana jiran amsata zuwa ranar Alhamis. Injiniya, otal ɗin da ka sauka, ɗakunanka sun zo a jere, ko su ma sai da ka roƙa?